Ku Tambayi Yaya: Wai Kaftin Majid ɗan wace ƙasa ne?

Jama'a assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na yi suɓutar baki na ce ni ma har yanzu ina kallon katun ɗin Japan duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemu, to ashe ruwa na ɓallo wa kaina, saƙonni suka yi ta zubowa kamar ruwan Agusta, masu tambaya na yi masu tsiya na yi, wani bawan Allah ma cewa ya yi in ji kunya. Na ji kunyar, na kuma ci gaba da kallona. Ga shida da na tsamo, sauran a yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Musu ne ya kaure mana a ɗakinmu na makaranta har muka kusa raba hali. Ni na taso ina kallon Kaftin Majid a tashar Spacetoon, kuma a sanina yaron Balarabe ne, abokinsa Yasin, golansu Walid. Sai wani abokinmu ɗan Maraɗi ya ce ƙarya ne sunansa Olivier kuma Bafaranshe ne, shi ma da shi ya girma. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Ɗalibi daga Samaru, Zariya

Amsa: Ƙanena ku duka biyun kun faɗi ba nauyi, ku je wajen mai shayi ku shirya kowa ya biya wa kansa. Yaron nan sunansa na yanka Ozora Tsubasa, Bajapane ne gaba da baya, wani mai zane Yoichi Takahashi ne ya ƙirƙiro shi, aka fara buga labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a 1981, a 1983 kuma aka mai da shi katun na talabijin.

Abun da ya sa kuka rikice shi ne a wancan zamanin in tasha ta sayi katun daga Japan ba ruwanta da mai kallo ya san daga ina ya fito, ita dai a samu abun da zai zaunar da yara. Sai a wanke shi tas, a sake wa kowa suna, a rera sabuwar waƙar buɗewa, a yanke abun da ake ganin bai dace ba. Larabawa suka raɗa masa Majid tun kafin ma a haifi Spacetoon, ita sai a 2000 ta fara, golan nan Wakabayashi ya koma Walid, Hyuga mai naɗe hannun riga ya koma Bassam. Su kuma Faransawa ta hannun Italiya ya biyo ya iso musu, tashar La Cinq ce ta nuna shi a 1988 da sunan Olive et Tom, yaron kuma aka kira shi Olivier, to wannan ne abokinka ya gani, dan haka shi ma ba ƙarya ya sharara ba, abun da aka ba shi ne ya karɓa.

In ka lura ta ƙofa uku katun ɗin nan ya shigo mana ƙasar Hausa kuma kowace ƙofa da irin rigar da ta saka masa. Wanda gidansu akwai dish mai kallon tashoshin Larabawa, ko a Kano ne ko a Sudan, shi da Larabci ya sha, Majid da Conan mai bincike da su Grendizer, shi Grendizer ɗin a Lebanon aka ɗora masa murya tun ƙarshen shekarun 1970, yawancin na Spacetoon kuma wata cibiya ce a Dimashƙa mai suna Az-Zuhra take fassarawa. Ƴan Nijar da Chadi da Kamaru ta Faransanci ya zo musu, Grendizer ɗin nan dai shi ne Goldorak da ya haukata yaran Faransa a 1978. Mu kuma da muka tashi gaban NTA ta hannun Amurkawa muka samu, Voltron ɗin da muke fasa wasan ƙwallo saboda shi asalinsa katun ɗin kamfanin Toei ne na 1981 mai suna GoLion, wani kamfanin Amurka ya sayo ya yanyanke ya fitar a 1984. A na asalin akwai ɗaya daga cikin matuƙan zakunan nan biyar da aka kashe murus, a wanda aka nuna mana sai aka ce rauni ya ji an tafi da shi jinya. Wallahi sai da na yi aure na san mutumin nan mutuwa ya yi, na yi shekara da shekaru ina masa fatan samun sauƙi.

Kar ka ji haushi dan ka ɗauka Balarabe ne, ba kai kaɗai ba ne. Lokacin da Japan ta kai tankokin ruwa garin Samawa na Iraƙi bayan yaƙin 2003, hoton Majid aka manna a jikin motocin, dan sun san babu yaron da bai san shi ba a can.

Tambaya: Yaya dan Allah ka raba ni da yayana. Ni na fi son wanda aka ɗora wa muryar Turanci saboda ina kallo ina aikin gida, shi kuma kullum sai ya ce ni ba ƴar kallo ba ce, wai na gaske sai da muryar Japananci da sabtaitil. Da gaske ne wanda nake kallo na bogi ne?
Wata ƙanwarka daga Gwammaja, Kano

Amsa: Ƙanwata, tambayi yayan naki ko yana jin Japananci. In ba ya ji to shi ma fassara yake ci, bambancin kawai ke da kunne kike cin taki shi da ido. Sabtaitil ɗin da yake taƙama da shi wani ne ya zauna ya matse maganar ta shiga layi biyu dan a iya karantawa kafin hoto ya wuce, abun da bai shiga ba ya zubar.

Amma fa ƙyamar da tsofaffin ƴan kallo suke wa ɗora murya tana da tushe, an cuce su a baya. Kamfanin 4Kids na Amurka da ya karɓi One Piece a 2004 ya ga Sanji mai girki kullum da sigari a baki, sai suka goge sigarin suka zana masa alewa mai tsinke, ga ƙato yana faɗa yana tsotsar alewa. A Pokémon kuma akwai dunƙulen shinkafar nan da Japanawa suke kira onigiri, kamar ƙaramar malmalar tuwon shinkafa ce da ake yi wa ɗamara da ganyen teku, ana nuna ta ƙuru-ƙuru a allo amma mai murya yana cewa donot ne, kamar dai a nuna miki tuwo a ce miki fanke ne ki yi haƙuri. Faransawa su ma sun yi nasu, a City Hunter da suka kira Nicky Larson duk inda jarumin ya so jan mace otal sai su ce gidan cin abincin masu ƙin nama zai kai ta. Na Larabci kuma giya ta koma lemo, guntun siket a ƙara masa tsawo da fenti, wannan kam iyaye da yawa a nan godiya za su yi ba ƙorafi ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne abun da aka yi wa Hayao Miyazaki, fitaccen mai shirya fina-finan katun na Japan, fim ɗinsa Nausicaa na 1984 aka datse masa sama da minti 20 a Amurka aka sake masa suna har ma'anar labarin ta juye. Tun daga nan sitidiyonsu Ghibli suka kafa sharaɗi ba a taɓa musu fim, har da aka zo kai Princess Mononoke Amurka furodusansa Toshio Suzuki ya kai wa Harvey Weinstein, shugaban kamfanin da zai fitar da fim ɗin a can, kyautar takobi da saƙon cewa ban da yanka. Kyauta ce, amma mai hankali ya gane.

Su ma masu sabtaitil na sa-kai sun yi nasu shirmen ta ɗaya gefen, dan tsabar son kar a taɓa asali sai su bar kalmar Japananci yadda take su jibga bayani a saman allo. Akwai wanda ya zama abun dariya har yau, an rubuta komai ya tafi bisa keikaku, sannan a sama aka rubuta wai keikaku na nufin shiri. To malam me ya hana ka rubuta shiri tun farko?

Yanzu dai an daina yawancin wannan ɓarnar, ɗora muryar da manyan kamfanoni suke yi tana bin labari sau da ƙafa, dan haka ki ci gaba da wanke-wankenki kina saurare. Ni dai na fi son muryar asali saboda gwanintar masu yin ta, kuma ga sanda na ba ki ki rama: Goku da Luffy da Naruto, mazajen da yayanki yake ji da su, duk mata ne suke musu murya a Japananci. Mai yin Goku, Masako Nozawa, an haife ta a 1936, ta yi jika da shi.

Tambaya: Malam ni sana'ata tura fina-finai a waya da mimori, kuma yanzu samari anime, wato katun ɗin Japan, suka fi tambaya fiye da na Indiya. Abun da yake ɗaure min kai, efisod zai fita a Japan yau, kafin gari ya waye ya zo da sabtaitil kuma kyauta. Su waye suke wannan aikin, me suke samu? Sannan wani ya ce min sata muke yi.
Mai shago daga Sabon Gari, Kano

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya ba da kasuwa. Wannan tambayar taka ita ce gindin maganar gaba ɗaya.

A shekarun 1980 masoya ne a Amurka suke samo kaset ɗin bidiyo daga Japan, su nemo mai jin yaren ya fassara, su ɗora rubutu da na'ura, su yi ta kwafi suna aika wa juna ta gidan waya, kafin kaset ya iso hannu na biyar hoton ya zama kamar hazo. Shi ake kira fansub, na littafin zanensu da ake kira manga kuma scanlation, wato a yi sikanin shafi a goge Japanancin a cusa fassara. Da intanet ta zo sai abun ya koma guruf-guruf, wannan ya kamo hoton daga talabijin, wannan ya fassara, wannan ya saita lokacin da kowane layi zai fito ya ɓace, wannan ya duba kuskure, duk a dare ɗaya kuma ba ko sisi, sai dai suna da gasar wa zai riga fitarwa. Suna ma da wata ƙa'ida tasu a da, in kamfani ya sayi lasisin abu a ƙasarsu sai su janye nasu.

Abun dariyar shi ne babban dillalin halal na yau a cikin wannan kasuwar bayan fagen ya tashi. Crunchyroll da aka buɗe a 2006 wuri ne da mutane suke loda kayan da ba izini, sai a 2009 suka tuba suka share, suka ƙulla da TV Tokyo suna fitar da Naruto Shippuden jim kaɗan bayan an nuna a Japan. A 2021 Sony ta saye shi kan dala biliyan 1.175. Saboda haka saurin da kake gani yanzu yawanci ba na ƴan sa-kai ba ne, kamfani ne ake ba shi efisod ɗin tun kafin ranar nunawa, ma'aikacinsa ya fassara a biya shi, da ya fita sai wasu su kwashe har da sabtaitil ɗin su zuba a shafukansu masu tallan caca da hotunan banza. Waɗannan ba soyayya ce ta kawo su ba, kuɗin talla suke ci. Japan kuma ta fara zare ido, mai Mangamura, wani shafin satar manga da aka rufe a 2018, a Filifin aka kamo shi, ya sha ɗaurin shekara 3, a 2024 kotu ta ce ya biya manyan kamfanonin ɗab'i uku yen biliyan 1.7, kuɗin Japan.

Batun sata kuwa, fatawa ta malamai ce, amma lissafin a fili yake. Kusan kowane anime haɗin gwiwa ne ake yi, mai buga littafin da tashar talabijin da mai kayan wasan yara da mai waƙa su haɗa jari su kafa kwamiti, su ne masu haƙƙin mallaka, su suke sayar da lasisi yanki-yanki, shi ya sa za ka ga abu yana buɗewa a Faransa amma a nan ya ce maka babu shi a ƙasarka. A 2023 kasuwar anime ta haura yen tiriliyan 3.3 kuma fiye da rabi daga wajen Japan ya shigo. Amma yaron da yake zana hotunan tsakiya, waɗanda suke sa motsi ya tafi sumul, sau da yawa a kan kowace takarda ake biyan shi, abun da bai wuce yen 200 da ɗan wani abu ba. Wato ko wanda ya biya ta halal kuɗinsa da ƙyar yake gangarowa ga mai fensir, balle wanda bai biya ba. Ni ba zan yi maka wa'azin da ban cika ba, na san yadda data take cin aljihu, na san yadda katin banki yake ƙin tafiya in ka zo biyan kuɗin waje, na sha zama ina danna abu yana dawo min da ja. Amma inda halal ta zo kyauta babu uzuri. Kamfanin ɗab'i na Shueisha ya buɗe shafin Manga Plus a 2019, babi uku na farko da uku na ƙarshe kyauta ne, da Turanci da Faransanci da wasu harsuna, kuma da yake Japan ta riga mu da awa 8, sabon babin One Piece yana sauka ƙarfe 4 na yammacin Lahadi agogon Najeriya da Nijar, kana idar da la'asar ka same shi. Ka riƙa nuna wa kwastomominka wannan, ba zai rage maka ciniki ba dan su bidiyo suke zuwa nema.

Tambaya: Na sayi littafin manga a wani shagon littattafai a Abuja da tsada, da na zo gida na ga an buga shi a juye, farko ya koma ƙarshe. In mayar musu?
Mai karatu daga Suleja

Amsa: Kar ka mayar su yi maka dariya. Buɗe shi yadda kake buɗe Ishiriniya, daga dama zuwa hagu, akwatunan zanen ma haka, ka fara da na sama ta dama. Mu da muka yi makarantar allo wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Turawa ne ya wahalar, shi ya sa a da kamfanoninsu suke juya kowane shafi kamar a madubi kafin su buga. Sai kowa a labarin ya koma bahago, jarumi na riƙe takobi da hagu yana cin abinci da hagu, ka ga a nan da tuni kaka ta buge masa hannu. Masu zanen da yawa ba sa so, sai wajen 2002 kamfanin Tokyopop ya fara fitarwa ba juyi, ya zo musu da araha ma, saura suka bi. Rashin kala shi ma ba algus ba ne, haka ake buga shi baƙi da fari tun a Japan.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku, babban shekararsa 13, sun bar kowane kallo sai wannan katun na Japan. Da na ce ai katun ne na yara sai na ƙyale su, ranar nan na leƙa na ga wani ƙato yana cin mutum ɗanye jini na tsiri. Ina neman shawara.
Uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su. Kuskuren da kusan dukkanmu muka yi ke nan, mun ɗauka duk abun da aka zana na yara ne. A Japan zane hanya ce kawai ta ba da labari kamar yadda littafi yake, akwai na ƴan firamare akwai na magidanta. Daga bayaninki Attack on Titan kika gani, kuma gaskiya ya yi wa ɗan shekara 13 nauyi balle ƙannensa.

Za ki ji suna cewa shonen, wato na samari matasa, shojo na ƴanmata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Amma kar ki dogara da wannan, sunan yana nuna irin mujallar da aka buga labarin ne kawai, shi kansa mai cin mutanen a mujallar shonen ya fito daga 2009 zuwa 2021. Abun da ya fi shi ne ki karɓi sunan abun ki duba shekarun da aka ƙayyade masa, sannan ki zauna ki kalli efisod biyu tare da su ko da ba kya so. Kalma biyu kuma ki riƙe, in kika ga ecchi ko hentai a wayar yaro to ba sauran tattaunawa, na farkon shigar banza ce na biyun batsa ce tsagwaronta. Kuma sau da yawa haɗarin ba a cikin katun ɗin yake ba, a tallan da yake faɗowa ne a shafukan da suke saukewa.

Ta fuskar addini, labaransu cike suke da aljanu da allolin gargajiyarsu, yaro yana buƙatar a gaya masa wannan tatsuniyar wasu ce. An kuma taɓa yin karo, a 2008 aka gano wani katun na JoJo ya nuna mugun labarin yana riƙe da littafi mai ayoyin Alƙur'ani, Shueisha da sitidiyon suka ba da haƙuri suka tsayar da sayarwa, a 2019 ma kamfanin Aniplex ya janye wani faifan sauti na Demon Slayer saboda an saka kiran salla a cikin kiɗa. In kina neman abun da za ku kalla hankali kwance, akwai Doraemon, akwai Totoro na Ghibli, yana cikin fina-finansu da Netflix ta kawo yankinmu a 2020, akwai kuma Ar-Rihla na 2021 da kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya yi tare da Toei a kan rundunar Abrahata mai giwaye, shi akwai yaƙi a ciki amma labarin da suka sani ne tun a Islamiyya. Hanawa ƙarfi da yaji kam ba na ba da shawara, gidan abokai za su koma inda ba idonki.

Tambaya: Yaya mu biyar ne, muna da kwamfuta da makirfo, muna so mu fara fassara anime da Hausa kamar yadda ake yi wa na Indiya. Wasu na cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar shi ba. Me ka gani?
Matasa daga Damagaram

Amsa: Ƙannena, duk wanda ya ce Hausa ba za ta ɗauka ba bai san Hausar ba ne ko bai san Japanancin ba. Ni a ganina ta fi Turanci dacewa da shi nesa ba kusa ba, kuma ba cika baki nake ba.

Ku duba girmamawa. Mai fassarar Turanci yana zuwa kan senpai ko onii-san, yadda ake kiran na gaba ko wa, sai ya tsaya cak, dan a yarensa ƙani sunan wansa yake kira gatsau, sai dai ya bar kalmar ko ya zubar da ita. Mu muna da Yaya. Sensei Malam ne, ba ƙari ba ragi, har da yadda ake kiran likita ko wani gwani da shi. In bawa ya durƙusa gaban ubangidansa ya laƙa wa sunansa kalmar girmamawarsu -sama, ga ranka ya daɗe ga Allah ya ja zamaninka. In jarumi ya tsaya kafin faɗa yana ambaton sunansa da na gidansu, wanda a Turanci yake fitowa kamar shirme, mu kirari muke gani irin na ɗan dambe kafin ya shiga fage, mun san yadda ake ɗaga murya a wajen. Ninja ya ɓace a cikin hayaƙi, ai layar zana ce. Wanda takobi ba ya kama shi ɗan tauri ne, wanda ake kai wa hari ana kuskure yana da kau-da-bara. Kalmomin suna nan a ajiye tun zamanin kakanni, kura kawai za ku kaɗe musu.

Wanda ya fi burge ni shi ne kalmomin kwaikwayon yanayi da suka cika shafin manga. Bajapane in wuri ya yi shiru sai ya rubuta shiin, wato shirun ma yana da ƙara, masu fassarar Turanci sun daɗe suna kokawa da wannan, mu kuwa tsit muke cewa mu wuce. Pika-pika shi ne ƙyal-ƙyal ko wal-wal, daga nan sunan Pikachu ya fito, an haɗa da chu kukan ɓera. Doki-doki bugun ƙirji ne, fat-fat.

Amma akwai inda za ku yi gumi. Japananci yana iya yin doguwar hira bai nuna mace ce ko namiji ba, Hausa kuwa daga kalmar farko sai ka zaɓi kai ko ke, ya ko ta, to in marubucin ɓoyewa yake da gangan dan ya ba da mamaki a efisod na 20 kun tona masa asiri tun a na 1. Sannan su suna da ni kala-kala, ore na ƙaƙƙarfan namiji, boku na yaro mai ladabi, washi na tsoho, mu ni ɗaya gare mu, sai dai ku nuna bambancin a salon magana, wannan ya yi ta gadara wancan ya yi ta sunkuyar da kai. Itadakimasu da suke faɗa kafin cin abinci, hannunku zai yi ƙaiƙayin rubuta bismilla, ku yi tunani tukuna, dan mutumin da kuka sa wa bismilla a baki anjima za a nuna shi gaban gunki ko da kwalbar giya. Kuma ku sani in daga sabtaitil ɗin Turanci ko Faransanci za ku ɗauko, fassarar fassara kuke yi, duk abun da na farko ya zubar ku ba za ku ma san ya taɓa wanzuwa ba, dan haka ko mutum ɗaya a cikinku ya fara koyon yaren, haruffan hiragana 46 ne kacal, wanda ya haddace Tabaraka ba za su gagare shi ba.

Ta wajen aiki kuma kun yi sa'a, bakin ɗan katun buɗewa da rufewa kawai yake yi, ba kamar na jarumin Indiya ba da ake ganin motsin leɓe, in tsawon maganar ya yi daidai to ta zauna. Matsalar ita ce sauti, wanda ya sayi lasisi ana ba shi kiɗa da ƙarar takubba a ware da murya, ku da ba ku da shi in kun danne muryar Japananci kun danne har da kiɗan, shi ya sa irin wannan aikin yake fitowa kamar ana magana a cikin tulu. Kuma ranar da kuka ɗora a YouTube ko Facebook ku sa rai za a sauke, watakila har da tashar gaba ɗaya, su Toei da Shueisha ba sa wasa da kayansu. Ku yi atisaye da guntaye na minti biyu-uku a tsakaninku dan hannu ya faɗa, ku ajiye mafi kyau a matsayin samfurin da za ku nuna wa tasha ko kamfanin da zai iya sayen lasisi. In kuma akwai mai zane a cikin ku biyar ɗin ku ba shi takarda ya fara naku, babbar kasuwar masu zanen sa-kai ta Tokyo da ake kira Comiket da mutum wajen 700 ta fara a 1975, a ƙarshen 2019 mutum 750,000 suka shiga cikin kwana huɗu. Ku turo min samfurin farko in ji, amma ku gaya wa wanda zai yi muryar mugu kar ya kwaikwayi ta fassarar Indiya, wannan dariyar tasu ta hahaha mun ƙoshi da ita.